Haruna da Na'urarsa Sa-ido, Bayan Shekara Bakwai

Damuna bakwai ke nan ta sauka a kan kabarin Haruna, can bayan gari a nan Talata Mafara. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa da girbin albasa, bakwai ɗin ce dai. A jikina kuwa kamar saba'in. Gwiwoyina ne suka faɗa mini haka, kuma na daina musu da su.

Haruna taubashina ne, ɗan Gwaggo Hajo ƙanwar mahaifina. Tun muna yawo ba wando nake kiransa bawana, shi kuma da muka girma yana kirana mai albasa, don ita ce sana'ata har yau. Shi injin ban-ruwa yake gyarawa, yana naɗin waya, yana taɓa rediyo. Rabin injinan da ke tari a fadamar Bakolori sun taɓa kwana a rumfarsa. Na sha faɗa a majalisa cewa in ka kai wa Haruna mataccen jaki zai tashe shi, in dai akwai waya a cikinsa.

Ba don cikar shekara kawai na ɗauki alƙalami ba. Bana Allah ya kira ni, na sami kujerar Makka. Tun da labarin ya fita zaurena ya koma tasha. Wannan ya kawo ƙulli a kai wa ɗansa, waccan ta aiko da ɗauri a miƙa wa ƙanwarta. Mutanen da ban taɓa sanin suna da kowa a bayan Gusau ba, yau kowa yana da ɗan'uwa a gindin Ka'aba. A cikin ƙulle-ƙullen nan akwai guda ɗaya, ɗinkakke cikin farin alawayyo, da suna a rubuce da ajami. Na surukina ne, Baba Malam na Maradun, mahaifin maiɗakina. Ni kuma akwai wasiyyar Haruna a wuyana, cewa kada in ɗauki abin da ban gani da idona ba, ko na wane ne.

Wanda ba ɗan nan ba zai ce to mene ne abin wahala, a kwance mana a duba. A wurinmu ba haka abin yake ba. Saƙo amana ne, kuma cikar amana shi ne ka kai shi da ɗinkin da mai shi ya yi masa. Ka sa reza a kai, ka ce wa mai shi ɓarawo ke nan ba tare da ka buɗe baki ba. Ga mutum ma na gari, balle suruki, balle kuma surukin da rabin dattawan Maradun a gabansa suka sauke Alƙur'ani.

Wannan al'adar ce ta hana Gwaggo Hajo ganin Makka.

Shekaru ta yi tana kiwon bijimai a bayan ɗakinta, tana sayarwa tana tarawa, har kujera ta samu. Ranar da za ta tashi, unguwa ta cika. Tun ba ta hau mota ba an fara ce mata Hajiya, tana rufe baki da mayafi tana dariya. Har ta nuna mana haƙorin da za a sa mata na Makka. Ana cikin sallama wata mata daga Damri ta matso da ƙulli, ta ce garin kunu ne da daddawa, a kai wa ɗiyarta. Gwaggo ta karɓa da hannu biyu, ta tura cikin jakar bakko, ta ja zif.

A filin jirgi, da jakar ta bi ta cikin na'urar da ke haska kaya, sai aka ce ta koma gefe. Aka farke ƙullin a gaban jama'a. A tsakiyar garin kunun akwai ƙwayoyi irin waɗanda hukuma ta hana. Aka shiga da ita wani ɗaki. Ni da Haruna muna waje muna zaton an gama, har muka ga jirgin ya ɗaga, muka yi ta ɗaga masa hannu kamar wawaye, ashe Gwaggo tana ƙasa tare da mu.

An sake ta daga baya, don kowa ya ga tsohuwa ce da ba ta san komai ba. Da aka bi sawu, matar Damri ta ce ita ma ba ta aka yi. Wanda ya ba ta ya ce shi ma ba shi aka yi. Haka zancen ya yi ta tafiya har ya ɓace a daji. Gwaggo ta dawo gida, mutane suka rasa sunan da za su kira ta. Mai cewa Hajiya ya ji kamar zolaya yake yi, mai cewa Hajo ya ji kamar ya ƙwace mata wani abu. Ta ninke yadin maniyyata ta sa a ƙasan adaka. Da shekara ta zagayo hawan jini ya kama ta, likita ya hana tafiya. Ba ta taɓa zagin kowa ba. Abin da kawai take cewa shi ne ba a kira ta ba. Bayan shekara uku ta rasu.

Ni a lokacin na'urar nake tsinewa. Na ce ƙarfen banza ne ya tozarta mana uwa. Haruna ya girgiza kai.

"Mai albasa, na'ura ba ta yi laihi ba. Da can ƙasar sunka gano abin ga, da ko gawatta ba mu gani. Nisa kawai ta yi. Da a ƙohwar gida taƙ ƙyalla ido, da Inna ta maida ma mai shi abinshi, ta hau jirginta."

Daga ranar bai sake zama mutum ɗaya da mu ba. Ya share rabin rumfarsa, ya fara haɗa abin da ya ce zai riƙa duba kayan maniyyata tun daga gida. Ya samo tebur na ƙarfe, ya ɗora masa bel ɗin tsohon injin casar shinkafa. A ƙasa ya naɗa waya mai jin ƙarfe, a sama ya rataya fitila mai hasken da zai iya tashin matattu. Sannan ya aika Kano aka sayo masa wani ɗan abu kamar maɓallin riga, wai shi ne hanci, yana jin warin abin da ke cikin kaya. Ni na raɗa wa na'urar suna Sa-ido, don ba abin da ke wucewa ba ta yi magana ba.

Gaskiya a fannin ƙarfe ba ta da na biyu. Mun jefa allura cikin buhun shinkafa, ta yi ihu har masu shayi suka watse. Amma ka sa mata ƙwaya da gujiya, duk ɗaya ne a wurinta. Haruna ya san haka, bai taɓa ruɗin kansa ba. Ya ce abin da ya rage shi ne ido, irin hasken nan da ke ratsa jaka. Shi kuma ba a haɗa shi da tarkacen rumfa. Yana son izinin hukuma, da kariya don kada ya cutar da mutane, da kayan da sai an yi odarsu daga waje. Burin Haruna a ƙera ƙaramar na'ura, mai aiki da hasken rana, a ɗora ta a bayan a-kori-kura, lokacin aikin Hajji ta yini Mafara, gobe Bakura, jibi Maradun. Kowa ya kawo jakarsa da ƙullin da aka ba shi, a tura ciki, ba reza, ba cin fuska. Na'ura ba ta da suruki, in ji shi.

Sai wata rana aka ji sanarwa cewa ana neman masu sabuwar dabarar binciken fasinja da kaya a filayen jirgi, kuma wanda dabararsa ta yi za a ba shi tallafi ya ƙarasa. Haruna ya yi sati biyu yana zarya gidan masu kwamfuta yana cike fom. Fom ɗin nan, in aka shimfiɗa shi, zai kai daga Mafara zuwa Bakura ya dawo. Ana son rajistar kamfani, ana son takarda daga jami'a, ana son ya faɗi wanda zai sayi na'urar da ribar da za ta kawo. A wurin kamfani ya rubuta sunan rumfarsa. A wurin mai saye ya rubuta maniyyata. Ikon Allah, sai ga kira, wai ya zo Abuja ya nuna.

A nan ne nawa laifin ya shigo, kuma yau zan faɗe shi a jarida kowa ya ji. Da aka zo ɗaure Sa-ido, na ce a bar mini, ɗaurin kaya aikina ne. Na kawo buhunan albasa guda huɗu, masu kyau, waɗanda ba su fi sati da juyewa ba. Na naɗe ta tsaf, na ɗinke da basilla yadda muke ɗinke kayan da za su Kudu. Ta yini a saman mota cikin rana, albasa tana dahuwa a hancinta.

Da farko ma masu gadin ƙofa suka hana mu shiga. Suka ga buhu da wayoyi suna leƙowa, ɗaya ya ja da baya har ya taka ɗan'uwansa. Sai da muka farke ɗinkin a bakin titi, suka lalube ta da sandarsu mai ƙara, suka lalube mu, sannan suka bari. Muka shiga wani zaure mai sanyi kamar cikin randa. Kafin mu kai gaba warin albasa ya riga mu gaisawa da alƙalai. Sauran masu gasa duk samari ne da kwat, kowa da 'yar kwamfutarsa, ba wanda ya zo da ko ƙusa. Zane kawai suke nunawa a bango, ana tafi.

Da aka kira Haruna, ya kunna Sa-ido. Ba a ɗora mata komai ba ta fara ihu. Ya kashe, ya kunna, ihu. Ya hura hancin, ya goge da bakin riga, ihu. Ashe albasa ta cika mata hanci, ba ta jin komai sai ita. Wani alƙali ya toshe kunne, wani ya toshe hanci, ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Haruna ya zare waya, ya tsaya ya yi bayani da baki. Ya ba su labarin Gwaggo, da Turancinsa na rumfa da Hausa a inda Turancin ya ƙare. Wata mata a cikin alƙalan, Bahausa ce, ta cire tabarau ta ce masa:

"Malam Haruna, maganarka gaskiya ce, kuma ta taɓa ni. Amma tallafin nan na abin da za a kafa a cikin filin jirgi ne. Ba mu da hurumin ƙauye."

Ya ce, "Hajiya, ai ba a hilin jirgi anka ƙulle ƙullin ba."

Ta rubuta wani abu. Ban san me ta rubuta ba. An ba mu shinkafa a roba da takardar yabo mai zanen zinariya, aka ce za a neme mu.

A hanyar dawowa ban yi wargi ko ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yanke mini cibi. Sai da muka wuce Funtuwa ya dube ni ya ce, "Kai dai albasarka ta cinye min arziki. In na mutu kada ka zo jana'izata, kak ka hana mala'iku aiki." Muka yi dariya har direba ya waiwayo. Daga baya na gane ko da turare na naɗe ta, amsar ɗaya ce. Amma sanin haka bai taɓa sauke mini nauyin ba.

Ya sake nema sau biyu a wasu wurare. Wani wurin suka ce ya yi tsufa, tallafin na matasa ne. Wani suka ce sai ya kawo na'urar da ta gama aiki sannan a ba shi abin da zai gama ta da shi. Wannan maganar har yau in na tuna sai kaina ya yi ciwo. Ya riƙa ajiye wayarsa a aljihun gaba, in ta yi ƙara da baƙuwar lamba sai ya goge hannu ya miƙe tsaye kafin ya ɗauka. Kullum mai injin ban-ruwa ne.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. Wata la'asar na je duba shi, yana kan tabarma a inuwar darbejiya, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Ya ce in matso.

"Mai albasa, Sa-ido tana wurinka, ka aje ma ɗiyata Balkisu. Sannan in Allah ya kira ka, kak ka ɗauki abin da ba ka gani ba. Ka kwance shi gaban mai shi. Ko na wa na."

Na ce, "Ko na surukina?"

"Da shi za ka hwara."

Na yi dariya na ce na ɗauka, don a lokacin ko kuɗin zuwa Gusau sai na yi shawara da aljihu. Wa ya ga mai albasa a jirgi? Bayan kwana tara ya cika. Na je jana'izar duk da ya hana.

Yanzu in na zauna ina tambayar kaina, da Haruna zai leƙo, me zai ce? Zai ga bincike ya zo ƙofar gida kamar yadda ya so, amma ba irin wanda ya roƙa ba. Tsakanin Mafara da Maradun sai a sauke ka sau nawa, a caka wa buhunka sanda, a leƙa ƙarƙashin kujera, kuma duk da haka ba ka shiga mota sai ka yi addu'ar da ka iya da wadda ba ka iya ba. Gonakin da ya gyara wa injina, da yawa yau ba mai iya zuwa. Mun gaji, wallahi mun gaji. Ni da aka sani da surutu, yanzu sai in fara ba da labari a majalisa in ji na rasa ƙarfin ƙara masa gishiri.

Zai kuma ga Balkisu, ɗiyarsa ta fari, wadda ta gama kwalejin fasaha, tana haɗa wa mutane wutar sola. Hannunsa ne sak, har yadda take lasar leɓe in waya ta ƙi shiga. Ta nuna mini a wayarta irin na'urorin da ake yi yanzu, masu juya hoton jaka ta kowane gefe, suna gane abin da ke ciki da kansu. Ta ce ana koya musu ne kamar yadda ake koya wa yaro, a yi ta nuna musu kaya har su gane. To waɗanda suka koya musu ba su san daddawa ba, ba su san kuka ba, ba su san dakuwa ba. A ganinta shi ya sa jakar mutanenmu ba ta wucewa sai an zazzage ta. Tana son tallafi ta tara hotunan irin kayanmu a koya wa na'ura, ta kuma ƙarasa motar binciken nan da babanta ya yi buri. Sau uku tana cike fom. Fom ɗin ya bar takarda ya koma waya, amma tsawonsa na nan. Amsar ma na nan, sai dai yanzu ba a ba da shinkafa.

Ba na cewa masu ba da tallafi mugaye ne. Suna da nasu ma'auni, kuma filin jirgi na buƙatar ido mai kyau, kowa ya sani. Abin da nake cewa, a matsayin wanda ya ɗaga wa jirgi hannu gwaggonsa na ƙasa, shi ne a riƙa tuna inda kaya ke fitowa. A ware wani abu don masu rumfa da 'ya'yansu, waɗanda ba su da kamfani amma sun san yadda ake ɗinke ƙulli a Damri.

To, mu koma zaurena. Sati biyu ƙullin Baba Malam yana kallona ina kallonsa. Tuwo ya daina shiga. Na gwada wa maiɗakina zancen a fakaice, ta ajiye ludayi ta ce, "In ka sa ma ƙullin Baba reza, ka haɗa da kayana ka kai Maradun." Na faɗa wa Balkisu, ita kuma ta ce, "Bappa, kai ka amsa ma babana wasiyya. Ni ina wurin." Ga mata a gaba, ga mamaci a baya, ga ni a tsakiya kamar albasa a buhu.

Ranar Talata da ta wuce, ranar kasuwa, Baba Malam ya shigo gari don ya yi mini addu'ar tafiya. Balkisu ta riga ta yaye tamfol ɗin da ke kan Sa-ido, ta kori kazar da ta mayar da ita gidan gado, ta goge teburin, ta kunna fitilar. Bayan azahar ya iso. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na tambayi gida, na tambayi makaranta, na tambayi hanya, na tambayi ruwa, na koma na tambayi gida. Da gaisuwa za ta iya hana abin da ke tafe, da har yanzu muna nan.

Daga ƙarshe na ce, "Baba, akwai wasiyya a wuyana."

"Ta wa?"

"Ta Haruna ɗan Gwaggo Hajo. Ya ce kada in ɗauki saƙo sai an kwance gaban mai shi."

Ya dubi ƙullin a kan tebur, ya dube ni. Carbinsa ya tsaya.

"Garba, shekara ashirin da biyar ɗiyata na gidanka. Yau ni kaka tuhuma?"

"Allah ya tsare ni, Baba. Ba kai ba. Ni dai na yi ma mamaci alkawari, kuma ba ni da inda zan same shi in nemi ahuwa."

Na ji motsin maiɗakina a bayan labule. Na ce a raina shi ke nan, zan je Makka gwauro. Baba Malam ya ajiye carbi. Sannan ya miƙo hannu.

"Ba ni rezar. Ba ka kwance ƙullina da hannunka."

Shi da kansa ya farke ɗinkin, a hankali, zare bayan zare. Ya riƙa fitarwa yana ajiyewa ƙarƙashin fitilar Haruna, yana faɗin sunan kowanne da ƙarfi kamar mai karanta mini laifina. Yaji. Kilishi. Daddawa. Hula biyu. Wasiƙa zuwa ga ƙanensa. Ina jin kowace kalma kamar bulala. Sai hannunsa ya taɓo wani ɗan ɗauri a baƙar leda, an naɗe shi da salatif.

Balkisu ta ce, "Malam, wanga hwa?"

Ya juya shi a hannu. "Wanga ba nawa ba na. Maƙwabcina yab ba ni, wai in haɗa mishi, a ba wani nashi can."

"Mi ac ciki?"

Ya sake ɗaukar rezar. A ciki akwai wani gari mai ruwan toka, da fararen ƙwayoyi a zube, ba kwali, ba suna, ba takardar likita. Wataƙila maganin gwiwa ne. Wataƙila shi maƙwabcin ma ba shi aka yi. Ban sani ba har yau, kuma ba zan ɗora wa kowa abin da ban sani ba. Abin da na sani shi ne da haka zan shiga da shi gaban na'ura, a tambaye ni mene ne, in ce amana ce.

Baba Malam ya zauna yana kallon abin da ke tafinsa. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai ranar. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Hajo. Allah ya jiƙan Hajo." Ya ƙulle ledar ya sa a aljihu, ya ce zai mayar wa mai ita. Ya nemi allura ya ɗinke nasa da kansa, ya miƙo mini. Da ya zo addu'a, sai da ya fara da Haruna kafin ni.

Ba zan ce gari ya gyaru ba. Da labari ya bazu cewa mai albasa na kwance saƙo, ƙulli biyu sun ɓace daga zaurena, masu su sun aiko an karɓe ba bayani. Wata dattijuwa ta kwance nata, ba komai ciki sai kuka da kuɓewa, kuma tun ranar ba ta amsa gaisuwata. Tana da gaskiyarta. Da motar Haruna ta samu, da ba a kai ga ɓata da ita ba. Amma an ce mini ranar Juma'a, a wurin karatu, Baba Malam ya faɗa wa mutane cewa wanda aka ba saƙo shi ma amana ne a hannun mai saƙon, kuma nuna masa abin da zai ɗauka yana cikin haƙƙinsa. Tun daga nan maniyyata uku sun zo da jakunkunansu da masu saƙonsu, sun roƙi aron teburin. Mata kuma Balkisu ke shiga da su ciki. Maiɗakina ba ta tafi Maradun ba. Ta dai yi kwana biyu tana ba ni tuwo ba man shanu.

In na auna abin da Haruna ya bari, ba shi da yawa a ido. Tallafi bai zo ba. Sa-ido ba ta taɓa ganin cikin jaka ba, kuma mai yiwuwa ba za ta gani ba. Takardar yabon gara ta ci gefenta. Abin da ya rage tebur ne da fitila, da ɗiya mai taurin kai da ke shirin cike fom na huɗu, da wata 'yar ƙofa da ya buɗe a cikin al'ada, wadda dattijo kamar Baba Malam ya sunkuya ya shiga.

Jiya na gama haɗa jakata. Balkisu ta ce tunda kowa ya hau tebur, ni ma sai na hau. Ta cire wa Sa-ido hancin da na lalata, ta gyara wayar ƙasa. Na ce mata ni da hannuna na shirya kayana, na san kowane zare. Ta tura jakar. Sa-ido, wadda ta yi shekara bakwai ba ta ce uffan ba, ta kurma ihun nan nata na Abuja, har kazar ta tsallake katanga. Muka zazzage. A aljihun rigar da zan shiga jirgi da ita, ga basillata ta ɗinkin buhu, na soke ta a can saboda sabo, na manta.

Na zauna a ƙasa ina dariya, Balkisu na dariya, har na ji dariyar ta juye ta zama wani abu, na rufe fuska da hula. Bawana ya kama ubangidansa.

Na bar basillar a kan teburin. In Allah ya kai ni, zan tsaya a inda Gwaggo Hajo ba ta tsaya ba, in kira ta da sunan da muka kasa kiranta, in roƙa wa ɗanta rahama. Allah ya jiƙanka, Haruna. Na fara da surukina, kamar yadda ka ce.